Ruwan da ya taru a cikina da hanyar da ciwon ya bi

Ni malamar makaranta ce da ta shafe mafi yawan shekarun aikinta tana koyar da labarin ƙasa a makarantun sakandaren 'yan mata a cikin garin Kaduna, kuma a Tudun Wada nake zaune tun da aka kawo ni gidan miji. Ina da shekara 54, na kuma daɗe da daina ganin al'ada, lokacin da likitoci suka tabbatar mini cewa ina ɗauke da sankarar gidan ƙwai, wato ciwon dajin da ke kama wurin da ƙwayayen haihuwa suke fitowa a jikin mace. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan labari shi ne, a tsawon jinyata na lura cewa mu marasa lafiya da danginmu muna ɗaukar ruwan da ke taruwa a ciki a matsayin wata wahala ce ta dabam wadda za a zuƙe a huta, alhali kuwa wannan ruwan shi ne babbar hanyar da ciwon yake bi ya yaɗu daga ƙasan mara har zuwa ƙarƙashin haƙarƙari. Sai da na fahimci wannan sannan na gane dalilin kusan kowane abu da aka yi mini a asibiti.

Alamomin farko ba su yi kama da abin da zai tayar wa mutum da hankali ba. A cikin watan azumi ne na lura cewa da na buɗe baki da dabino na sha rabin kofin kunu sai in ji na ƙoshi, har in kasa taɓa abincin da na wuni ina dafawa. Bayan Sallah zannuwana suka fara yi mini kaɗan a ƙugu, alhali fuskata da damatsana ramewa suke yi. Fitsari ya riƙa matsa mini har alwala ta daina daɗewa, wani nauyi ya zauna mini a mara, sujada kuma ta fara yi mini wuya har ta kai ina yin salla a zaune.

Kowa ya zo da tasa fassarar. Wasu suka ce kabar ciki ce, wasu suka ce basir ne ya hau sama, maƙwabta suka yi ta aiko da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, wata tsohuwa daga dangin maigidana kuma ta ce irin wannan kumburi a jikin macen da ta wuce haihuwa ba a rasa hannun mutum a cikinsa. A wani ƙaramin asibiti an ba ni maganin gyambon ciki, da aka ga ƙafafuna sun fara tasawa kuma aka ƙara mini da ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari. Na yi ta fitsari har na galabaita, amma cikin bai ragu ba. Daga baya aka bayyana mini cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna amfani sosai idan hanta ce ko zuciya ta jawo ruwan, amma ba su cika yin tasiri a kan ruwan da sankara ta tara a kogon ciki ba.

Babbar 'yata ce ta matsa sai an yi mini hoton ciki. Ta ce, "Umma, kumburin da ba ya saɓewa da safe, ba ya kuma saɓewa bayan an zaga, ba iska ba ce." Hoton ya nuna ruwa mai yawa, da kuma wani ƙullutu a gefen mahaifa. Likitan da ya duba sakamakon bai yi gaggawar ambaton sunan ciwo ba, kuma yanzu na san dalilinsa. Ya ce a wannan yanki namu idan aka ga ruwa a cikin babban mutum akwai abubuwan da dole a fara tunani a kansu: lalacewar hanta, musamman wadda ciwon hanta nau'in B ke jawowa, da tarin fuka wanda ya kama ciki maimakon huhu, da ciwon zuciya ko na ƙoda, sannan sankara. An ɗebi jinina an yi wani gwaji da ake kira CA-125, wanda a ƙa'ida ba a son ya wuce 35, nawa kuwa ya haura nesa da haka. Duk da haka ya ce wannan gwaji shi kaɗai ba hujja ba ne, domin tarin fukan ciki da ciwon hanta da ƙarin mahaifa duk suna iya ɗaga shi, kuma akan samu matan da aka zaci sankara ce ke damunsu, aka bincika aka tarar tarin fuka ne wanda magani yake warkarwa sarai. Da wannan fatan muka kama hanyar Zariya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

A can aka soka mini allura a gefen ciki aka zuƙi ruwan. Launinsa rawaya ne garai-garai, kuma abin da aka fitar ya wuce lita 4. A daren na yi barci a kwance, abin da na daɗe ban samu ba. An kai wani ɓangare na ruwan ɗakin gwaji, aka kuma yi mini hoton CT, sannan aka tsinko ɗan nama daga wani kitse da ya yi kauri a gaban cikina. Sakamakon ya nuna cewa akwai ƙwayoyin sankara suna yawo a cikin ruwan, naman da aka tsinko ya tabbatar da nau'in ciwon, hoton kuma ya nuna tsiro ƙanana a wurare da dama: a bayan mahaifa, a jikin wancan kitse, da kuma can sama a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama, a saman hanta. Ni da maigidana muka yi ta maimaita innalillahi. Da hankalina ya ɗan dawo, sai halin malanta ya motsa, na yi tambayar da ta tsaya mini a rai. Na ce, "Likita, ciwon da ya fara a can ƙasan mara, me ya kai shi ƙarƙashin haƙarƙari, alhali kun ce cikin hantar kanta lafiya lau yake, huhu ma haka?"

Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta jawo takarda ta ce, "Hajiya, bari in zana miki." Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da ta bayyana mini a ranar, haɗe da abin da na ƙara fahimta daga baya ta hanyar tambaya da karatu.

Kayan cikin mutum, wato hanji da tumbi da hanta da saifa da mahaifa, suna zaune ne a cikin wani kogo wanda wani siririn tantani mai santsi ya lulluɓe bangonsa, ya kuma lulluɓe su kansu kayan cikin. Idan aka shimfiɗa wannan tantani, faɗinsa ya kusa kai faɗin fatar jikin mutum gaba ɗaya. A cikin kogon kowane mai lafiya akwai ɗan ruwa kaɗan, wanda bai cika wuce mililita 100 ba, aikinsa shi ne ya sa kayan ciki su riƙa zamewa a jikin juna ba tare da gogayya ba. Shi gidan ƙwai kuma a buɗe yake ga wannan kogo, domin ta samansa ƙwai yake fashewa ya fito kowane wata, bakin bututun da ke ɗaukar ƙwan zuwa mahaifa shi ma a buɗe yake a cikin kogon. Masana sun gano cewa nau'in da ya fi yawa kuma ya fi tsanani, wanda shi ne nawa, sau da yawa ma daga bakin wannan bututu yake farawa. Ma'anar wannan ita ce, ƙwayoyin ciwon ba su buƙatar su huda jijiyar jini kafin su yi tafiya, kamar yadda yake faruwa a wasu nau'o'in sankara. Da zarar sun ɓantare daga saman ƙullutun, sun faɗa cikin ruwa ke nan. Ciwon yana iya bin jini ko hanyoyin kaluluwa, amma babbar hanyarsa ita ce wannan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa ruwan ba a tsaye yake ba, kuma ba yawo yake yi barkatai ba, yana da hanyar da yake bi. Idan mutum yana tsaye ko yana zaune, nauyi yana jan ruwan zuwa ƙasa, ya taru a wani lungu da ke tsakanin mahaifa da dubura, wanda shi ne wuri mafi zurfi a kogon cikin mace. Amma akwai wani ƙarfi da ke jan sa sama, wato numfashi. Tsakanin ciki da ƙirji akwai wani shamaki na tsoka wanda yake sauka yana hawa da kowane numfashi, kuma wannan motsi yana rage matsi a ƙarƙashinsa, sai ya riƙa zuƙo ruwa daga ƙasa. Motsin hanji shi ma yana tura ruwan. A gefen dama na ciki, tsakanin babban hanji da bangon ciki, akwai wani kwari mai faɗi da zurfi wanda ruwan yake bi ya hau har ya kai ga hanta, ya kewaye ta, ya isa ƙarƙashin shamakin. A gefen hagu ma akwai irin wannan kwari, amma bai kai na dama zurfi ba, kuma akwai wani naɗin tantani kusa da saifa da ya tare shi. Shi ya sa tafiyar ta fi ƙarfi ta dama. A jikin shamakin kuma akwai wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda suke tsotse ruwan su shigar da shi hanyoyin kaluluwa, daga nan ya koma cikin jini. Ƙasan haƙarƙarin dama, inda aka ga tsiro a jikina, shi ne magudanar da ruwan ciki yake fita ta cikinta, saboda haka duk abin da ruwan ya ɗauko can yake kai shi.

Tana cikin zanen na ce mata na gane, domin wannan shi ne darasin da na yi shekaru ina koyar da 'yan aji huɗu. Duk wanda ya tsaya a bakin Kogin Kaduna bayan ruwan Agusta ya janye zai ga cewa kogin bai zubar da yashi da tarkacen da ya kwaso a tsakiyarsa inda yake gudu ba, ya zubar da su ne a lanƙwasa da lunguna inda gudunsa ya ragu, da kuma wuraren da wani abu ya tare shi. Ta yi murmushi ta ce haka abin yake. Wani likitan hoto Ba'amurke mai suna Morton Meyers ya nuna wannan tun a 1973, inda ya bi sawun yadda ruwa yake tafiya a kogon ciki ta hanyar hoto, ya kuma gwada shi da wuraren da ake samun tsiron sankara, ya tarar sun dace da juna. Wuraren su ne lungun bayan mahaifa, da ƙasan ciki ta dama inda ƙaramin hanji yake haɗuwa da babba, da saman lanƙwasar babban hanji ta hagu, da kuma wancan kwari na dama. Jikin ƙaramin hanji, wanda ba ya daina motsi, bai cika saurin kamuwa ba kamar wuraren da suke a kafe.

Sai kuma wancan kitse da aka tsinki nama a jikinsa. Duk macen da ta taɓa gyaran kayan cikin ragon layya ta san shi, shi ne shimfiɗaɗɗen kitsen nan mai raga-raga da yake sauka daga tumbi ya rufe hanji. Mu ma muna da shi, kuma ba ajiyar kitse kaɗai yake yi ba, yana tsotsar ruwan ciki yana tace shi, yana kuma ɗauke da tarin ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda aikinsu kama ƙwayoyin cuta ne. Wannan aikin tacewa shi ne yake zame masa matsala, domin yana kama ƙwayoyin sankarar da ruwa ya kawo, su kuma sai su sami wurin zama mai abinci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Shikago ta Amurka, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa ƙwayoyin sankarar gidan ƙwai suna karɓar mai daga ƙwayoyin kitsen nan suna amfani da shi wajen girma. Shi ya sa a wurin mata da yawa tsiron da ke jikin wannan kitse yake fin ainihin ƙullutun gidan ƙwan girma, har ya dunƙule ya yi tauri a gaban ciki. Taurin da nake ji a saman cibiyata, wanda aka yi ta shafa wa man zafi, shi ne wannan.

Na kuma tambaya me ya sa ɗan ruwan da bai kai rabin kofi ba ya zama lita-lita. Amsar ita ce abu biyu ne suke haɗuwa. Ƙwayoyin ciwon suna fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda yake sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro domin ciyar da su, yake kuma sa bangon jijiyoyin ya riƙa yoyo, sai ruwa mai ɗauke da furotin ya riƙa tsattsafowa cikin kogon fiye da ƙima. A lokaci guda kuma ƙwayoyin da ruwa ya kai ƙarƙashin shamaki suna toshe ƙofofin nan da ruwan yake fita ta cikinsu. Shiga ta ƙaru, fita ta ragu. Da ruwan ya yi yawa kuma sai ya buɗe lungunan da a da suke manne, ya kai ƙwayoyin inda ba su isa ba a baya. Su kansu ƙwayoyin ba ɗai-ɗai suke yawo ba, sukan dunƙule su zama ƙananan curi, wanda hakan yake taimaka musu su rayu a cikin ruwa ba tare da sun manne da komai ba, har su sami inda za su kafu. Idan abin ya yi nisa ruwan yakan ƙetare shamakin ya taru a kewayen huhu, kuma ya fi yin haka ta dama, sai numfashi ya yi wuya. Allah ya kiyaye ni daga wannan.

A kan wannan tafiya ta ruwa aka gina yadda likitoci suke auna nisan ciwon. A mataki na 1 ciwon yana gidan ƙwai ko bututunsa kawai, a na 2 ya taɓa sauran kayan da ke cikin ƙugu, a na 3 ya hau sama ya kama tantanin ciki ko kaluluwar bayan ciki, a na 4 kuma ya fita daga kogon, kamar a sami ƙwayoyinsa a ruwan kewayen huhu ko a cikin naman hanta. Ni a mataki na 3 aka same ni, kuma an gaya mini cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mata ba a gano su sai a mataki na 3 ko na 4. Ko a mataki na 1 ma ruwan yana da hukunci, domin idan likita ya buɗe ciki bai ga ruwa ba, yakan zuba ruwan gishiri ya ɗauraye kogon ya kwashe a kai gwaji, kuma idan aka ga ƙwayoyin ciwo a ciki, matakin ya ƙaru, maganin da za a bayar ma yakan canja. Saboda wannan dalili ne ƙwararru suke ƙoƙarin ciro ƙullutun da ake zargi ɗungurungum ba tare da ya fashe ba, kuma ba su son a huda shi da allura idan ana ganin bai riga ya yaɗu ba. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa duk macen da aka ga ƙullutu mai shakku a gidan ƙwanta ta nemi a yi mata aikin a inda akwai waɗanda suka saba da irinsa, ko da kuwa wani wuri ya fi kusa ko ya fi araha.

Ban daɗe da komawa gida ba ruwan ya dawo. A nan ne nake ganin mutanenmu suka fi shan wahala. A ɗakin da aka kwantar da mu akwai wata baiwar Allah da aka kawo daga wani ƙauye, wadda ta daɗe ana zuƙe mata ruwa a kusa da gida duk lokacin da cikin ya cika, ana zubarwa, ba a taɓa kai shi gwaji ba. Danginta suna ganin ana yi mata magani, tunda kowane zuwa tana samun sauƙi. Amma zuƙar ruwa sauƙin numfashi da na cin abinci kawai take bayarwa, ba ta taɓa tsiron da yake haifar da ruwan, kuma kowace zuƙa tana tafiya da furotin mai yawa daga jiki, sai mutum ya ƙara ramewa, ƙafafu su ƙara kumbura. Ban ga laifin danginta ba, domin abin da suka gani da idonsu shi ne ruwa, kuma ruwan suka yi ta yaƙa da iyakar abin da suke da shi. Ta rasu ina asibitin, Allah ya jiƙanta.

Saboda yadda tsiron ya bazu a jikina, likitoci suka yanke shawarar fara ba ni maganin kemo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin sankara, kafin tiyata. Magunguna biyu ne, kaboplatin da paklitaksel, ana sa su ta jijiya sau ɗaya a kowane mako 3, kuma tsarin da aka saba shi ne zagaye 6, a yi 3 kafin aiki, a yi 3 bayansa. Gashina ya zube, tafin ƙafafuna da yatsuna suka riƙa yin dindiris, jinina ya yi ƙasa har aka ƙara mini, abinci kuma ya fita daga raina. Ba zan tsawaita a kan wannan ba, duk wanda ya yi jinyar mai sankara ya san shi, ya kuma san abin da yake ci na kuɗi. Filin da maigidana ya saya a Rigasa da niyyar gini a nan ya tafi, 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibaina kuma suka yi abin da ba zan iya biyansu ba. Abin da ya shafi maganata shi ne, tun kafin a gama zagayen farko na maganin ruwan ya daina dawowa da saurin da ya saba, daga baya kuma ya janye da kansa ba tare da allura ba. Maganin ya rage tsiron, yoyon ya ragu, ƙofofin da suka toshe suka fara buɗewa. Likitar ta ce janyewar ruwa tana cikin alamomin farko da suke nuna musu cewa ciwon yana jin magani.

Kafin a shiga da ni tiyata wata ƙawata da aka taɓa cire wa mahaifa saboda ƙari ta ce mini yankan ɗan kaɗan ne a ƙasan mara. Nawa bai zama haka ba, tsaye aka yi shi, daga ƙasan mara ya wuce cibiya ya doshi ƙahon zuci. Da ban san labarin ruwan ba da na ɗauka an yi mini ɓarna. Amma likitan tiyata dole ya bi duk hanyar da ruwan ya bi, ya duba da ido ya kuma shafa da hannu, tun daga lungun bayan mahaifa, ya bi kwarin dama, har ya kai saman hanta da ƙarƙashin shamaki. An cire mahaifa da gidajen ƙwai biyu da bututunsu, an cire wancan kitse, an kuma ɗaye tantanin a wuraren da tsiro ya rage. Burin irin wannan aiki shi ne kada a bar wani tsiro da ido zai iya gani, domin an tabbatar cewa yawan abin da aka bari yana cikin manyan abubuwan da suke nuna yadda mace za ta kasance daga baya. Da na farfaɗo, maigidana ya sunkuyo ya ce, "Malama, sun ce sun kwashe duk abin da suka gani." Na ce alhamdu lillahi, ina kuma sane da cewa abin da ido ba ya gani shi ne dalilin sauran zagayen kemo da ke jirana.

Na karanta cewa a wasu ƙasashe ana amfani da wannan hanya ta ruwa a juya ta a kan ciwon, inda ake zuba maganin kemo mai ɗumi kai tsaye a cikin kogon ciki lokacin tiyata, a bar shi ya kewaya na minti 90. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan, aka wallafa a 2018, ya nuna amfanin hakan ga matan da aka yi wa kemo kafin aiki. Akwai kuma allurar da ke toshe sinadarin VEGF. Ni ba a yi mini ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma tsarin da aka bi da ni shi ne ginshiƙin maganin wannan ciwo a ko'ina a duniya.

Mata da yawa da suka zo gaishe ni sun tambaye ni gwajin da za su yi su tsira. Gaskiyar magana ita ce babu wani gwajin tantancewa da aka tabbatar yana rage mutuwa daga wannan ciwo a tsakanin matan da ba su da alama. A Birtaniya an bi mata fiye da 200,000 na tsawon shekaru ana yi wa wasunsu gwajin jini ko hoto a kai a kai, sakamakon da ya fito a 2021 kuma bai nuna raguwar mutuwa ba. Gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata a asibitocinmu yana da muhimmanci ƙwarai, amma na wani ciwo ne dabam, ba ya gano wannan. Abin da ya rage a hannunmu shi ne alamomin nan da ake rainawa: kumburin ciki da ba ya tafiya, saurin ƙoshi, nauyi ko ciwon mara, da yawan fitsari, musamman idan sababbi ne, suna zuwa kusan kullum, kuma mace ta haura 50. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin a ƙasashen da suke da cikakkiyar ƙididdiga kusan 9 cikin 10 na matan da aka gano ciwon bai fita daga gidan ƙwai ba suna kaiwa shekara 5 a raye, waɗanda ya riga ya bazu kuwa ba su cika wuce 3 cikin 10 ba. Haihuwa da shayarwa suna rage haɗarin, amma ba su kawar da shi, ga ni nan da 'ya'ya shida. Kuma duk wanda aka zuƙi ruwa a cikin majinyacinsa, hakkinsa ne ya tambaya ko an kai ruwan gwaji, da abin da gwajin ya nuna.

Likitoci sun tambaye ni tarihin danginmu, na gaya musu cewa ƙanwar mahaifina da sankarar mama ta rasu tun ba ta tsufa ba. Suka ce akwai wasu ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda idan suka sami tangarɗa suke ƙara haɗarin sankarar mama da ta gidan ƙwai, kuma ana iya gadonsu ta wajen uba kamar yadda ake gadonsu ta wajen uwa. Na tara 'ya'yana mata da ƙannena na gaya musu wannan a fili, duk da cewa wasu manya a dangi sun so a rufe maganar saboda 'yan matan da ba su yi aure ba.

Yanzu na gama magani, ina zuwa Shika a duba ni lokaci-lokaci. Ba a ɓoye mini ba cewa a wurin mafi yawan matan da aka gano a matakina ciwon yakan dawo, kuma idan zai dawo yawanci a cikin kogon nan yake dawowa, a wuraren da ruwa yake kwanciya. Saboda haka kowane zuwa ana auna CA-125, ana ƙwanƙwasa gefen cikina a ji ko ruwa ya fara taruwa, ana saurarar ƙasan huhuna na dama, idan an ga dalili kuma a tura ni hoto. An ce in riƙa auna ƙuguna da awon tela a gida, in kuma dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba idan ya ƙaru ko saurin ƙoshi ya dawo. Dindiris ɗin ƙafafuna bai tafi duka ba, amma gashina ya fito, na koma yin salla a tsaye, kuma gwajin CA-125 da aka yi mini na ƙarshe ya nuna 14.